Daga Biyar Zuwa Uku: Tarihin Baƙin Allo a Sana'ar Masu Kula da Saba

Akwai wata tambaya da ta kai shekara talatin tana yawo a bakin masu koyon Linux, kuma har yau ba ta tsufa ba: yaya zan yi in hana kwamfuta kawo allon shiga mai hoto idan na kunna ta, ta tsaya a baƙin allo kawai? Wanda ba ɗan sana'a ba in ya ji haka sai mamaki ya kama shi. An sha fama kafin a samu kwamfutar da za ta tarbe ka da launi da hoto da ɗan akwatin rubuta suna, sai ga wasu suna ta neman hanyar kashe abin. Mu da muke cin abinci da kula da saba mun san dalili. Kuma ina ganin duk wanda ya bi sawun wannan tambaya zuwa asalinta zai ratsa kusan dukkan tarihin sana'ar tamu, domin amsar ta yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani, alhali buƙatar tana nan yadda take.

Da farko dai babu ma abin kashewa. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a ɗakunan bincike na Bell a Amurka, a 1969, kan wata na'ura mai suna PDP-7, kwamfuta ba abin mutum ɗaya ba ce. Kaya ce mai tsadar gaske da ake ajiyewa a ɗaki na musamman, mutane da yawa suna amfani da ita lokaci guda, kowa daga inda yake zaune. Abin da ke gaban mutum shi ne na'urar Teletype, mai kama da keken buga rubutu, da naɗin takarda a bayanta. Samfurin da ya fi yaɗuwa, wato Model 33 da ya fito a 1963, harafi goma yake bugawa a daƙiƙa guda, da ƙara kamar ana sussukar hatsi. Ka buga umarni, kwamfuta ta buga maka amsa a kan takardar. Da yawa suna danganta gajartar umarnin Unix irin su ls da cp da mv da wannan jinkiri, kuma duk wanda ya taɓa jiran na'ura mai nawa ba zai yi musu ba.

Tunda masu amfani suna da yawa, dole na'ura ta san wane ne ya zauna. Nan aka samo tsarin da nake so mai karatu ya riƙe, don duk abin da zai biyo baya a kansa aka gina shi. Idan kwamfuta ta tashi, shiri na farko da ke fara aiki shi ne init, kuma lambarsa 1 a jerin duk abin da ke gudana. Shi ne uban sauran. Sai ya duba wayoyin da aka jona wa na'urorin Teletype, ya tura wani ƙaramin shiri mai suna getty ya tsaya a kan kowace waya. Aikin getty bai wuce ya buga kalmar login ya zauna jira ba. In ka rubuta sunanka, sai ya miƙa ka ga wani shirin da zai tambaye ka kalmar sirri, wanda kuma zai hana haruffan fitowa a takarda don kada na bayanka ya ɗauki takardar ya karanta. In komai ya yi daidai, a buɗe maka wurin ba da umarni. In ka gama ka fita, init ya sake tura sabon getty ya tsaya a wurin. Shi ya sa har yau in kana rubuta kalmar sirri a baƙin allo ba ka ganin ko ɗigo. Sababbin ɗalibai kan ɗauka kibod ne ya lalace, alhali al'ada ce da ta samo tushe tun zamanin takarda.

Takarda ta ba da wuri ga gilashi a shekarun 1970. Kamfanin DEC ya fito da VT100 a 1978, allo mai layi 24, kowane layi harafi 80. Amma tsarin bai motsa ba. Getty ne dai, login ne dai, sai dai yanzu rubutun yana haske a kan baƙi maimakon tawada a kan fari.

Abin da muke kira matakan tashi ya yaɗu ne da System V, Unix ɗin da kamfanin AT&T ya fitar a 1983. A nan init yake karanta wani fayil mai suna /etc/inittab, inda aka rubuta masa abin da zai kunna a kowane mataki. Mataki na 0 kashe na'ura ne, na 6 sake tashinta. Akwai matakin mutum ɗaya, inda ba a barin kowa ya shiga sai mai kula da na'urar, sannan akwai matakan jama'a. Abin lura a nan shi ne asalin waɗannan lambobi ba ruwansu da hoto ko rashinsa. Maganar ita ce mutum nawa za a bari su shiga, kuma waɗanne ayyuka za su tashi. Mai kula da na'ura in zai gyara faifai ba ya son a samu mutum talatin suna rubutu a kansa, sai ya sauko da na'urar zuwa matakin mutum ɗaya, ya yi gyaransa, ya mayar da ita. Tun daga nan aka kafa ƙa'idar da nake ganin ita ce zuciyar al'amarin: mai na'ura shi ke faɗa mata inda za ta tsaya in ta tashi. Ɓangaren BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley bai ɗauki lambobin ba, ya ci gaba da nasa salon, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Hoto ya shigo ta wata hanya dabam. Masu bincike na Xerox a Palo Alto sun ƙera Alto a 1973, da tagogi da linzami. Apple ta fito da Macintosh a Janairun 1984, kuma a wannan na'ura hoton shi ne komai. Babu wani baƙin allo a ƙarƙashi da mai ita zai koma. A duniyar Unix kuwa ba haka aka yi ba. A shekarar 1984 ɗin dai, a jami'ar MIT, Bob Scheifler da Jim Gettys suka fara tsarin tagogi na X, domin aikin jami'ar mai suna Athena wanda ke son haɗa kwamfutoci iri-iri na ɗalibai. Sigar da ta zauna daram, X11, ta fito a Satumbar 1987. Hukuncin da suka yanke wanda ya fi komai tasiri a labarinmu shi ne sun bar X a matsayin shiri kamar kowane shiri. Ba su cusa shi cikin ƙashin bayan babbar manhajar ba. Kana iya kunna shi, kana iya kashe shi, na'ura ta ci gaba da aikinta. Mutum zai shiga ta baƙin allo kamar kullum, in yana son tagogi ya rubuta xinit, ko startx daga baya, hoto ya bayyana. In ya rufe, ya tsinci kansa inda ya baro.

A 1988 ne aka samu abin da yau ake neman kashewa. Keith Packard ya rubuta xdm, wanda ya fito tare da X11R3 a Oktoban wannan shekara. Aikinsa irin na getty ne sak, sai dai cikin hoto: ya nuna akwatin suna da na kalmar sirri, in ka fita ya sake nuna su. Dalilin yin sa mai kyau ne. A ɗakunan kwamfuta na jami'o'i da kamfanoni akwai na'urori masu nuna hoto kawai, waɗanda duk aikinsu daga wata babbar kwamfuta yake zuwa ta waya, kuma bai kamata a ce kowane ɗalibi sai ya koyi yadda ake tayar da X da hannu kafin ya yi aikin ajinsa ba. Kdm na KDE, da gdm na GNOME, da LightDM, da SDDM, duk zuriyarsa ne. An ƙawata su, an sa musu hoton fuska da agogo, amma aikin bai wuce na kakansu ba.

Waɗanda suka koyi kwamfuta a garuruwanmu a farkon shekarun 1990 sun san irin wannan rayuwa, ko da ba su taɓa ganin Unix ba. A zamanin Windows 3.1 kwamfuta a DOS take tashi, ta tsaya a C:\> tana jiranka, sai ka rubuta WIN kafin tagogi su fito. Wanda ya gaji da rubutawa sai ya saka kalmar a ƙarshen fayil ɗin AUTOEXEC.BAT, wanda kuma yake son baƙin allonsa ya goge ta. Da Windows 95 ta zo a Agustan 1995 sai al'amari ya juya, hoto ya zama shi ne na farko. Duk da haka an bar wata ƙaramar hanya: a cikin ɓoyayyen fayil na MSDOS.SYS akwai layin BootGUI=1, in ka mayar da shi 0 sai na'ura ta tsaya a DOS. Daga baya wannan hanya ta rufe a kwamfutocin gida na Windows, kuma aka yi zamani guda na masu amfani da kwamfuta da ba su ma san an taɓa yin zaɓi ba.

Linux kuwa ta gaji gidan Unix da duk abin da ke cikinsa. Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta Finlan, ya sanar da aikinsa a Agustan 1991, kuma a 1992 aka samu X tana aiki a kai. Tunda kwamfutar gida allo ɗaya gare ta, sai aka yi dabarar raba shi gida-gida. A lokacin, yawanci getty shida ake tayarwa, kana zagayawa tsakaninsu da Alt da maɓallan F1 zuwa F6, X kuma ta zauna a na bakwai. Amma tayar da X a wancan lokaci ba wasa ba ne. Sai ka buɗe fayil ɗin XF86Config ka rubuta da hannunka saurin da monitarka ke iya ɗauka a kwance da a tsaye, kana duba ɗan littafin da ya zo da ita, in ma kana da littafin. Wanda ya sayi monita ta gwanjo sai dai ya yi ta lalube. Kuma tsofaffin monitoci ana iya lalata su in aka tura musu saurin da ya fi ƙarfinsu. Saboda haka babu mai hankalin da zai bar na'ura ta tashi kai tsaye cikin hoto tun bai tabbatar hoton na aiki ba. Baƙin allo shi ne wurin tsira.

Ga abin da ke faruwa in aka yi gaggawa. A Linux ɗin Red Hat, layin ƙarshe na inittab yana umartar init da ya kunna allon shiga mai hoto a mataki na 5, in ya mutu kuma ya sake kunna shi. To, in saitin X ba daidai yake ba, sai ka ga allo ya yi baƙi, monita ta yi ƙas, rubutu ya ɗan leƙo, ya sake ɓacewa, ta sake yin ƙas. Kana ƙoƙarin rubuta sunanka, rabin haruffan suna shiga rabi suna salwanta, don kowane ɗan lokaci X na fizge allon daga hannunka. Haka za a yi ta yi har init ya gaji, ya rubuta cewa abin nan yana mutuwa da sauri fiye da kima, ya dakatar da shi na minti biyar. A cikin minti biyar ɗin nan ne za ka yi maza ka shiga ka gyara. Wanda ya taɓa zama gaban wannan allo mai ƙiftawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin mataki na 3, wanda ba shi da hoto.

Gyaran kansa harafi ɗaya ne. A saman fayil ɗin akwai layin id:5:initdefault: sai ka goge 5 ka sa 3. Red Hat ta ware 3 domin jama'a da sadarwa ba tare da hoto ba, 5 kuma da hoto, har ta rubuta gargaɗi a cikin fayil ɗin cewa kada kowa ya kuskura ya sa 0 ko 6, don na'ura za ta riƙa mutuwa ko sake tashi da zarar ta farka. Wannan layi shi ne abu na farko da na taɓa gyarawa a Linux, a shekarun da kafe-kafen intanet ke tashe, ana jan layi ta faranti daga tauraron ɗan'adam, ana sayar da lokaci awa-awa. A ƙuryar shagon da na yi koyo akwai wata tsohuwar Pentium da ba a barin kwastoma ya taɓa. Squid take ɗauke da shi, tana ajiye shafukan da aka riga aka buɗe don kada a sake jawo su daga nesa, domin layin siriri ne kuma kuɗinsa ba kaɗan ba. Maigidana a sana'ar ya same ni ina kallon allon shigarta mai launi, sai ya ce, "Kai yaro, wa zai zauna a gaban wannan? Ba kowa. To hoton na wa ake yi wa?" Na ce, "Oga, ai ya fi kyan gani." Ya ce in buɗe inittab. Da na'urar ta sake tashi ta tsaya a login, ya nuna mini lissafin ƙwaƙwalwarta kafin da bayan gyaran, na ga yawan abin da hoton ke cinyewa yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Sannan ya ƙara da wani dalilin da ya fi dacewa da inda muke: in aka ɗauke wuta aka koma janareta, na'urar da ba ta jiran hoto ta fi saurin dawowa aiki, kuma abubuwan da za su iya maƙalewa a hanya sun ragu.

Sai dai lambobin ba su zama ɗaya a ko'ina ba, kuma nan ne ruɗanin da ya raya tambayar ya samo asali. Slackware, wadda Patrick Volkerding ya fara a 1993, ta sa hoto a mataki na 4, kuma a baƙin allo take tashi sai in kai ka ce a'a. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a wannan shekarar, ta bi wata hanya dabam: a lokacin matakai na 2 zuwa 5 duk iri ɗaya ne, a 2 take tashi, kuma in ka saka gdm zai kunnu a dukkansu. Saboda haka wanda ya koyi aiki a Red Hat in ya zo Debian ya sa 3 a inittab, sai ya sake tayar da na'ura ya tarar da hoton nan yana jiransa kamar ba a yi komai ba. A Debian sai ka shiga /etc/rc2.d, inda kowane aiki ke da ɗan mahaɗi, wanda sunansa ya fara da S a kunna shi, wanda ya fara da K a kashe. Da yawa sukan goge mahaɗan gdm gaba ɗaya da update-rc.d, su yi murna, sai ranar da aka sabunta manhajar mahaɗan su dawo, domin tsarin yana ɗauka ba a taɓa saka su ba ne. Masu sani sukan juya S ɗin zuwa K, wanda sabuntawa ba ta taɓawa. Wasu kuma sukan gyara fayil ɗin /etc/X11/default-display-manager. Hanya uku ke nan a gida ɗaya, kuma kowa yana rantsuwa da tasa.

Ubuntu ta zo a Oktoban 2004, da kuɗin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, da niyyar kai Linux ga mutumin da bai taɓa jin sunan getty ba. Har faifan CD suke aikawa kyauta ta gidan waya zuwa kowace ƙasa, shirin da ya ci gaba har 2011, kuma ta wannan hanya ce Linux ta fara shiga hannun matasa da yawa a nahiyarmu, a lokacin da sauke faifai guda daga intanet aikin kwana da kwanaki ne. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan. Amma da shi ne hoto ya zama abin da kowa ke tsammani, har aka lulluɓe rubutun da ke gudu a allo lokacin tashi da tambari mai kyau. A 2006 Ubuntu ta maye gurbin tsohon init da Upstart, wanda Scott James Remnant ya rubuta, sai inittab ya ɓace daga sababbin na'urori. Mutum ya zo da iliminsa na shekara goma ya nemi fayil ɗin ya rasa. Sabuwar amsar da ta yaɗu a wajajen 2010 ita ce ka buɗe /etc/default/grub, ka sa kalmar text a layin da ke ɗauke da quiet splash, ka gudanar da update-grub. Ta yi aiki na 'yan shekaru, ita ma ta wuce.

Abin da ya kawar da ita shi ne systemd, wanda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010. Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011. A Debian an yi doguwar muhawara mai zafi, har kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu a Fabrairun 2014, shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa. Waɗanda ba su yarda ba suka ware a ƙarshen shekarar suka kafa Devuan. Debian 8 da Ubuntu 15.04 duk sun fito da systemd a Afrilun 2015. A Red Hat ta 7 kuwa, in ka buɗe /etc/inittab, abin da za ka tarar 'yan layukan bayani ne kawai da ke cewa an daina amfani da fayil ɗin, suna nuna maka sabuwar hanya. Na ji wani iri ranar da na fara ganin haka, ba zan ɓoye ba.

Amma in za a faɗi gaskiya, a kan wannan tambaya tamu systemd gyara ya kawo. Lambobi sun koma sunaye. Abin da ake kira 3 ya zama multi-user.target, 5 ya zama graphical.target, kuma shekaru da dama an bar tsoffin lambobin suna aiki a matsayin laƙabi saboda waɗanda hannunsu ya saba. Umarni ɗaya, systemctl set-default multi-user.target, ya wadatar a Fedora da Debian da Ubuntu da openSUSE da Arch baki ɗaya, abin da ba a taɓa samu ba a da. In kana son sanin inda na'ura ke tsayawa yanzu, systemctl get-default zai faɗa maka. In kana baƙin allo ka bukaci hoto na ɗan lokaci, systemctl isolate graphical.target zai kawo shi ba tare da ya canza tashin gobe ba. In kuma ka fasa gaba ɗaya, ka mayar da graphical.target da umarnin farko. Abin da aka rasa shi ne fayil guda da yaro zai buɗe ya karanta daga sama zuwa ƙasa ya fahimci yadda na'urarsa ke farkawa. Wannan rashi ne na gaske ga mai koyo, kuma ban ga abin da ya cike gurbinsa ba tukuna.

Saboda duk waɗannan amsoshi suna nan warwatse a littattafai da tsofaffin rubuce-rubuce, kowacce daidai ce a zamaninta, shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce kafin su taɓa komai su tambayi na'urar wane ne mai lamba 1 a cikinta. Umarnin ps -p 1 -o comm= zai nuna sunansa. In systemd ne, magana ta ƙare. Sannan su sani cewa a kwamfutar cinya wani lokaci Wi-Fi ba ya haɗuwa sai mutum ya shiga ta hoto, in kalmar sirrinsa a ajiye take a ma'ajin wannan mutum ɗaya. Wanda ya kashe hoto bai shirya wa wannan ba zai iya samun na'urarsa ta tashi lafiya amma ba ta kan layi.

Ba ina cewa kowa ya koma baƙin allo ba ne. Malamar makaranta da ke shirya jarrabawa, da ɗan kasuwa mai lissafin kaya, allon hoto shi ne daidai da su, kuma waɗanda suka gina shi sun yi wa jama'a hidima. Mu masu rubutu da Hausa ma muna da namu dalilin. Baƙin allon Linux ba ya iya riƙe fiye da siffar harafi 512 a lokaci guda, don haka sau da yawa ɓ da ɗ da ƙ ba sa fitowa sai an loda musu haruffa na musamman, a wurinsu sai ka ga ɗan akwati. Ajami kuwa ba ya haɗuwa yadda ya kamata, ba ya kuma tafiya daga dama zuwa hagu. Mai rubuta littafi da harshenmu hoto yake bukata, babu ja.

Saba kuwa lamarinta dabam. Tun da Tatu Ylönen, shi ma ɗan Finlan, ya rubuta SSH a 1995, mai kula da saba ba ya bukatar zama a gabanta. Daga nesa yake shiga ta rubutu, kuma yawancinsu ko monita ba a jona musu. Kowane shiri da ke gudana ba dalili yana cin ƙwaƙwalwa, yana cin wuta, kuma wata kafa ce da ɓarawo zai iya gwadawa. Ko Microsoft da kanta ta dawo kan wannan hanya a Windows Server 2008, inda ta fito da Server Core, wadda aka cire mata yawancin kayan hoto. Da Raspberry Pi ta fito daga Kambirij ta Ingila a 2012, 'yar kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35, da ƙwaƙwalwar megabayit 256, a baƙin allo take tashi, yara suna rubuta startx kamar yadda ɗaliban shekarun baya suka yi, kuma cikin saitinta an ajiye zaɓi ƙarara tsakanin tashi a rubutu da tashi a hoto. Da tsohuwar zuma ake magani. Har gobe in direban hoto ya rikice bayan sabuntawa, allo ya yi duhu, abin da ke ceton mutum shi ne ya danna Ctrl da Alt da F3, ya tarar da getty a tsaye yana jira.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake haɗuwa da matasa masu takardar shaidar kammala karatun kwamfuta, masu basira kuwa, waɗanda in allo ya yi baƙi ya nuna login sai su ce na'ura ta lalace, su ɗauko faifai za su sake loda komai daga farko, aikin mutane na cikinta ya tafi a banza. Ba laifinsu ba ne, ba a nuna musu ba ne. Don haka kirana ga malamai masu koyar da Linux a makarantu da cibiyoyin horo shi ne su sa wannan a makon farko. Ku sa kowane ɗalibi ya mayar da na'urarsa multi-user.target da hannunsa, ya sake tayar da ita, ya shiga ta rubutu, ya duba ƙwaƙwalwarta da umarnin free, sannan ya dawo da hoton da kansa. Darasin ba zai ci awa guda ba.